Gwadangaji, Zauro da Ambursa: Garuruwan da Birnin Kebbi ke miƙa wa hannu

Duk wanda ya bar Birnin Kebbi ya kama hanyar Argungu, yanzu da wuya ya nuna inda birnin ya ƙare. Gidajen bulo, gidajen mai da filaye masu shinge suna ta bin titi har Gwadangaji, suna neman Zauro da Ambursa. Da yawa daga cikinmu muna kiran waɗannan wurare "bayan gari", sai ka ce jiya aka kafa su don ma'aikatan da suka rasa gidan haya. Alhali garuruwa ne masu tarihinsu, masu hakimansu, birnin ne ya girma ya tarar da su.

Mu ɗan koma baya. Birnin Kebbi ya taɓa zama hedikwatar daular Kabi, wadda Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16. A shekarar 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, daga bisani sarautar Kabawa ta zauna a Argungu. Daga nan ƙasar da ke tsakanin garuruwan biyu, tafiyar kimanin kilomita 50, ta zama bakin daga tsakanin Gwandu da Kabawa na tsawon shekaru. Abin da ya ba Ambursa muhimmanci ke nan, har sarakunan Gwandu suka yi zama a cikinta. Sai a 1906, zamanin Turawa, aka mayar da fadar Sarkin Gwandu Birnin Kebbi. Ashe garin da muke wucewa a mota ba tare da waiwaye ba, ya taɓa zama mazaunin sarki.

Babban sauyi ya zo ne ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato. Dare ɗaya Birnin Kebbi ya zama babban birnin jiha. Ma'aikata suka kwararo, ana neman ofisoshi da gidaje, tsohon gari kuwa ba shi da sarari. Sai aka fuskanci gonakin maƙwabta. Sakatariyar jiha ta sauka a Gwadangaji. Filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yana Ambursa. A ɗaya ɓangaren kuma, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 tana Kalgo. Idan muka lura, manyan abubuwan da birnin ke tinƙaho da su duk a ƙasar maƙwabtansa suke zaune.

Wannan ne ya ba garuruwan fuska biyu. Da safe za ka ga ma'aikaci ya hau babur zai tafi ofis, maƙwabcinsa kuma ya ɗauki injin ban-ruwa ya gangara fadama. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne ke yin duka biyun: ofis har azahar, gona da la'asar. A cikin tsohon gari kowa ya san kowa, ana suna da biki da jana'iza tare. A sababbin unguwanni kuwa katanga ta yi tsawo, mutum na iya shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba.

Ƙarfin Zauro yana fadamar Gulbin Rima. Tun 1969 aka fara maganar aikin ban-ruwa na Zauro, wanda aka tsara zai shayar da fiye da hekta 10,000 tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. A 1982 aka buɗe gonar gwaji mai hekta 100, amma babban aikin ya daɗe yana jan ƙafa. Manoma dai ba su zauna jira ba, sun haƙa rijiyoyin burtsatse a fadama suna noman rani. A Nuwamba 2015 a Jihar Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya, a 2021 kuma a Zauro aka jera dalar shinkafa. Injinan casa na Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu da irin wannan shinkafar suke aiki. Ko ambaliyar 2020 da ta cinye gonaki masu yawa ba ta raba mutane da fadama ba.

To, ina abin damuwar? Gonakin tudu, inda ake gero da dawa da wake, su ne ake yankawa fuloti-fuloti. Kuɗin fili yana da daɗi ranar da aka karɓa: a yi aure, a sayi babur, a gyara ɗaki. Amma gona takan ciyar da gida kowace shekara, kuɗin fili kuwa sau ɗaya ake cin sa. Kowa ya sayar da gonar gado, ya sayi yunwa da kuɗinsa. Mun ga yadda Kano ta haɗiye gonakin Kumbotso da Ungogo, har 'ya'yan masu gonakin da dama suka koma leburanci a ƙasar kakanninsu. Ga kuma unguwannin da ke tashi babu magudanar ruwa, babu filin makaranta ko na ƙwallo, don kowa ya yanka yadda ya ga dama.

Girman birni ba laifi ba ne. Shi ya kawo mana titi, asibiti da jami'a kusa da gida. Abin da ake buƙata shi ne tsari, kuma tsari sai da masu ilimi. Ƙannenmu ɗalibai, a cikinku ne za a samu safiyo, masu tsara birane, injiniyoyin ban-ruwa da lauyoyin filaye. Kafin lokacin, ga aikin hutu: ku zauna da tsoho mafi shekaru a gidanku, ku tambaye shi inda iyakar garinku take a da, sunayen gonaki da tafkuna, da wanda ya fara zama a unguwarku. Ku rubuta a littafi, ku kai wa malamin tarihi. Sunan gona yakan ɓace ranar da aka zuba mata harsashin gini, sai fa in wani ya riga ya rubuta shi.