Tsutsar auduga ta daina jin magani: ina gaskiyar magana take?

Da zarar auduga ta yi fure, ƙorafin manoma ɗaya ne daga Funtua har Gusau: an yi feshi, an kashe kuɗi, tsutsa tana nan tana huda ƙwallo. Ƙorafin gaskiya ne. Bayanan da ke biyo bayansa ne suke buƙatar a tace.

An fi cewa tsutsa ta saba da magani, kamar yadda jikin mutum ke sabawa da ƙwaya. Ba haka abin yake ba. A cikin dubban tsutsotsin gona ɗaya, akwai 'yan ƙalilan da aka ƙyanƙyashe da wani bambanci a ƙwayoyin halittarsu. Wasu jikinsu na narkar da gubar kafin ta yi aiki, wasu kuma wurin da gubar ke kamawa a jijiyarsu ya sauya. Feshi ya kashe sauran ya bar waɗannan, su girma su yi fiffike, su haɗu da junansu, su zuba ƙwai. Gado ne, kuma feshinmu ne ke zaɓar magada. Haka aka gani a Ostireliya a 1983, lokacin da magungunan dangin pyrethroid suka kasa tsutsar Helicoverpa armigera, kuma haka ta faru a gonakin Benin, Mali da Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1990.

Shi ya sa shawarar nan ta "ƙara murfi biyu a tanki" take ba ni tsoro. Ba ta ƙare masu juriya, sai dai ta share musu fili, ta kashe ƙwarin da ke cin ƙwan tsutsa, mai feshin kuma ya shaƙi guba.

Wasu kuma su ce ai sun canza magani. Juya kwalbar ka karanta ƙananan rubutun. Cypermethrin, deltamethrin da lambda-cyhalothrin duk 'yan gida ɗaya ne, wuri ɗaya suke bugu. Sunan kamfani ya canza, guba tana nan yadda take.

Mai cewa maganin ne jabu, sau da yawa yana da gaskiya. Ga kuma makara: idan tsutsa ta riga ta shige cikin ƙwallo, feshi a ganye yake ƙarewa.

Sai batun audugar Bt, wadda Najeriya ta amince a noma a 2018. Cewa tana kashe tsutsar ƙwallo da kanta gaskiya ne. Cewa an rabu da ƙwari har abada ƙarya ce. Ba ta taɓa ƙwari masu tsotsar ruwan ganye. Indiya ta fara nomanta a 2002, zuwa 2009 an tabbatar tsutsar auduga mai launin ruwan hoda ta fi ƙarfin irin farko na audugar Bt a jihar Gujarat, bayan 'yan shekaru ta fi ƙarfin na biyu. Amurka ta noma irin wannan audugar a kan wannan tsutsar, amma a 2018 ta sanar ta kawar da ita daga gonakinta. Babban bambancin shi ne a can an riƙa barin wani yanki na audugar gargajiya kusa da gonar, don marasa juriya su rayu su haɗu da masu juriya. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna sai tsutsar ta gaji juriyar ta uwa ta uba take tsira. Daga baya a Amurka aka riƙa sakin biliyoyin ƙwarin da aka hana haihuwa. A Indiya manoma da yawa ba su shuka wancan yanki na audugar gargajiya ba.

Manomi, kafin ka goya tanki, shiga gona ka ɗaga ganye ka duba ƙwai da ƙananan tsutsotsi. Idan feshi ya zama dole, kai wa malamin gona kwalbar da ka yi amfani da ita a baya, ya zaɓa maka magani daga wani dangi.