Ambiligonait: Farin Dutse Mai Ɗauke da Litiyam

Damargu ƙasar gero ce da kiwo. Wanda ya haƙa rijiya a Falanko ko Belbeji, yashi da laka da dutsen yashi zai tarar, kuma dutsen litiyam ba ya zama a irin wannan ƙasa. Mazauninsa jijiyoyin dutse ne masu manyan ƙwayoyi, fegmatait, irin na Nasarawa da Ijero a Najeriya. Sai dai tun da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, samarinmu da yawa suka saba da ramin haƙa, don haka sanin duwatsu ya zama larura.

Cikin duwatsun litiyam, ambiligonait na daga waɗanda ba a cika samu ba. Haɗin litiyam ne da alminiyam da fosfat, kuma Bajamushe August Breithaupt ne ya fara bayyana shi a 1817. Fari ne, wani lokaci da ɗan ruwan ɗorawa, ya yi kama ƙwarai da feldisfa, dutsen da ke kewaye da shi a ramin. Nan ne mahaƙa ke tafka asara, su zubar da shi cikin tarkace.

Don bambance su, ɗauki ambiligonait da feldisfa masu girma ɗaya, ɗaya a kowane hannu. Ambiligonait ya ninka nauyin ruwa sau 3, feldisfa kuwa 2.6, hannu zai ji bambancin. Dutsen ƙanƙara yana karce ambiligonait. Sannan a ɓalli ɗan tsinke a kai wa mai walda: zai kumbura, ya narke nan da nan, harshen wutar ya yi ja wur. Feldisfa da ƙyar yake narkewa.

Duk wannan alama ce kawai. Kuɗi yana bin yawan litiyam ɗin da awo ya nuna. Tsantsar ambiligonait kan kai kashi 10 cikin 100 na litiyam oksaid, sifodumin, wani dutsen litiyam, bai wuce 8 ba. Amma na'urar hannu ta XRF da dillalai ke yawo da ita ba ta ganin litiyam sam, sai ɗakin gwaji. Farashin litiyam a duniya ma ba tabbas: ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, zuwa 2024 ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100. Shi kuwa ambiligonait garau da babu tsaga, irin na Minas Gerais a Barazil, shi ake yankawa don ado, ko da yake yana saurin fashewa.

Mai karatu, kada ka saya, kada ka sayar, sai ka riƙe takardar awo a hannunka.