Ƙaiƙayin ido da atishawa: wane magani ya dace a ɗiga?

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga yankin Bodele na ƙasar Chadi, jama'a da dama a arewacin Najeriya kan shiga fama da ƙaiƙayin ido da atishawa da yoyon hanci.

A yankunan noma irin su Rogo da Ƙaraye a yammacin jihar Kano, matsalar kan riga hunturu isowa. Bununin masara da gero a ƙarshen damina, da ƙurar sussuka da shiƙa a lokacin kaka, duk suna tayar da ita.

Me ke kawo shi?

Likitoci na kiran wannan yanayi alaji. Garkuwar jiki ce ke ɗaukar abin da ba shi da illa a matsayin abokin gaba, sai ta saki wani sinadari mai suna histamin, wanda ke sa ido ya yi ja ya riƙa hawaye, hanci kuma ya toshe.

Da yake akwai wata 'yar hanya da ke kai hawaye daga ido zuwa hanci, kuma ƙura ɗaya ce ke shiga dukkansu, sau da yawa tare suke tashi.

Alaji ya bambanta da ciwon Apolo, wanda ya ɓulla a Ghana a 1969. Apolo ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma ana ɗaukarsa daga wani. Shi alaji ba a ɗauka, kuma babbar alamarsa ita ce ƙaiƙayi a idanu biyu.

Akwai wani nau'i mai tsanani da ya fi kama yara maza 'yan ƙasa da shekara 10, inda farin ido kan rine ya koma ruwan ƙasa. Yakan lafa bayan balaga, amma yawan murza ido na iya lalata gilashin idon yaro kafin lokacin.

Magungunan da ake amfani da su

Sodium cromoglycate yana hana jiki sakin histamin. Ana ɗiga shi sau 4 a rana, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin a ga amfaninsa, don haka ya fi kyau a fara shi kafin lokacin da mutum ya saba tashin ciwon.

Olopatadine da ketotifen sun fi saurin kwantar da ƙaiƙayi, kuma galibi sau 2 ake ɗiga su a rana.

Maganin ido ba ya isar wa hanci. Don haka likita kan haɗa da ƙwayoyin sha irin su loratadine ko cetirizine, ko maganin fesawa a hanci. Piriton yana sa barci, abin da ya kamata direbobi da 'yan acaɓa su kula da shi.

Haɗarin da ke cikin saurin sauƙi

Babbar damuwar likitocin ido ita ce magungunan da ke ɗauke da sitiroyid, kamar dexamethasone da betamethasone, waɗanda ake saye a kyamis ba tare da takardar likita ba.

Suna kashe ƙaiƙayi nan da nan, shi ya sa iyaye kan ci gaba da ɗiga wa yaro tsawon watanni. Sai dai suna iya jawo yanar ido da hawan jinin ido, wato gilakoma. Ita yana ana iya cire ta da tiyata, amma ganin da gilakoma ta ɗauke ba ya dawowa.

Haka kuma ɗiga ruwan sukari ko nonon uwa ko ruwan ganye na iya shigar da ƙwayoyin cuta cikin ido.

Yadda ake ɗigawa

A wanke hannu, a ja fatar ido ta ƙasa, a ɗiga ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ba. Sannan a rufe ido, a danne gefen da ke kusa da karan hanci na minti 1 zuwa 2. Kwalbar da ta kai kwana 28 da buɗewa a jefar da ita.

Danne gefen idon yana kuma rage gangarar maganin zuwa maƙogwaro, abin da ya shafi mai azumi. A 1997 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda cewa maganin ɗigawa a ido ba ya karya azumi matuƙar ba a haɗiye abin da ya kai maƙogwaro ba. Malaman Malikiyya sun fi tsanantawa idan an ji ɗanɗanonsa, don haka wasu kan mayar da maganin sau 2 zuwa lokacin sahur da bayan buɗa baki.

Idan ido ya fara ciwo, ko gani ya ragu, ko haske ya riƙa damun mutum, sai a tafi asibiti. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA da sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa.