Shin Ko Kun San Akwai Bashin Da Ba Shi Da Iyaka?

Ku ɗan ɗaga kai ku karanta allunan da ke titin Baga ko kewayen kasuwar Monday Market. Wane Limited, wance Limited. Ido ya saba da kalmar. Amma kun san tana da kishiya? Unlimited! Wato mara iyaka.

Kada ku yi saurin murna. Ba riba ce mara iyaka ba, bashi ne! Idan kamfanin Limited ya karye, jarin da ka zuba kaɗai zai salwanta. Idan Unlimited ne kuwa, ana iya biyo ka har gida. Fili, mota, shanu, duk suna iya shiga gwanjo.

Kun san dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA ta 2020, ta yarda da irinsa? Har da taƙaitaccen sunansa: Ultd. Harafi ɗaya tak ya raba shi da Ltd!

Kuma ba ƙananan kamfanoni ba. Mobil Producing Nigeria Unlimited, mai haƙo mai a tekun Akwa Ibom, shekara da shekaru yana ɗauke da wannan suna. Kamfanin Seplat ya saye shi a Disambar 2024, bai kuma goge kalmar ba.

To ku riƙe numfashi. A 1878 bankin City of Glasgow na Birtaniya, wanda shi ma Unlimited ne, ya durƙushe. Duk mai hannun jarin fam 100 aka ce ya kawo fam 2,750. Ninki 27 da rabi! Cikin masu hannun jari 1,819, guda 254 kacal suka tsira da sauran dukiya. Abin tausayi, wasunsu ajiyar tsufa ce suka zuba.

Ga wadda ta fi kusa da mu. Mai sayar da bandar kifi a kasuwar Baga, mai atamfa a rumfarsa, ko da ya yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, aljihunsa da na shagonsa ɗaya ne a gaban doka. Ku tuna gobarar Monday Market ta 26 ga Fabrairun 2023. Wuta ta ci kaya, amma ba ta ci bashin dila ba.

Kun kuwa san yanzu mutum ɗaya tilo yana iya buɗe kamfanin Limited? Ku ciro takardarku ta CAC ku duba yau, ku kuma gaya wa maƙwabcin rumfa.