Kafin a Binne Rijiyar: Hojlund da Rigimar Ƙarin Dama

Ba abin da ke tayar da jijiyoyin wuya a gidan kallon ƙwallo kamar ɗan wasan gaban da ya daina ci. Rabin ɗaki na ihu, "A cire shi, ya cinye mana wasa!" Ɗaya rabin na cewa, "Haba, ku ƙyale yaron nan, lokacinsa na zuwa." Magoya bayan Manchester United sun shekara biyu cur suna wannan musu a kan Rasmus Hojlund, ɗan ƙasar Denmark da ƙungiyar ta sayo daga Atalanta ta Italiya a 2023 kan fam miliyan 64, da alƙawarin ƙarin miliyan 8, yana da shekara 20 kacal.

Duk wanda ya taɓa sa a haƙa masa rijiya a gida ya san irin wannan zullumi. An yi gaba biyar, an yi shida, ba ruwa ba labarinsa. Kuɗin masu haƙa na ta zurarewa, uwargida na tambaya, maƙwabta na leƙowa ta kan katanga. Wannan ya ce unguwar nan ba ruwa, wancan ya ce saura ƙiris. Maigida mai hankali ba ya bin bakin kowa. Tsugunawa yake a bakin rami ya duba abin da bokiti ke fitowa da shi. In ƙasar ta fara sanyi, an dunƙula ta a hannu ta dunƙulu, to ruwa na kusa, ko da ba a ga ɗigo ba. In kuwa diga tartsatsi take yi a kan dutse kwana da kwanaki, sai a zauna a sake shawara.

A filin ƙwallo ma akwai abin da bokiti ke fitowa da shi. Shin ɗan wasan yana isa wurin da ake cin ƙwallo? Yana bugawa raga, ko da ba ta shiga? Masu tsaron baya suna shakkarsa? Mai ɓarar da dama biyar a wasa ɗaya ya fi kusa da ruwa a kan wanda aka tashi wasa ba a ko ji sunansa ba, duk da cewa na farkon ne ke shan zagi.

Darwin Nunez na Liverpool shi ne misalin ƙasa mai danshi. A watan Janairun 2024, a wasan da suka doke Chelsea da ci 4-1, sau huɗu yana buga ƙwallo tana dukan ƙarfen raga, har da ta fenareti. Mutane sun yi dariya, amma mai ido ya ga mutumin da ba ya rabuwa da bakin raga. Liverpool ta jira shi kaka uku, ya ci ƙwallo 40 a wasa 143, kana ta sayar da shi ga Al-Hilal ta Saudiyya a 2025. Danshin bai taɓa zama rijiyar da za ta ɗauki gida ba, sai dai jiran da aka yi masa yana da hujja, kuma an san ranar da aka ce ya isa haka.

Lamarin Hojlund daban ne, shi ya sa ya fi wuyar yankewa. A kakar 2024/25 ya buga wasa 32 na Firimiya ya ci 4. Akwai lokacin da ya jera wasa 21 a duk gasanni bai ga raga ba, sai a watan Maris na 2025 ya karya ƙofar a gidan Leicester. Abin da ya fi rashin cin tayar da hankali shi ne sau da yawa akan tashi wasa bai ko gwada mai tsaron raga ba. Ka gan shi ya juya wa raga baya, yana kokawa da ƙaton mai tsaron baya a kan doguwar ƙwallon da aka ɗago masa daga nesa. Busasshiyar ƙasa ke nan, ba ko tantama.

Masu kare shi sukan tuna da kakarsa ta farko. Bayan wasa 14 na Firimiya ba ci, ya zura wa Aston Villa ƙwallon nasara a ranar 26 ga Disamban 2023, daga nan ya jera wasa shida na gasar yana ci, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa yin haka. Ya gama kakar da ƙwallo 16, biyar daga ciki a Gasar Zakarun Turai. Gaskiya ne. To amma masu haƙa ba sa son aikin damina, don ruwan da aka tarar a lokacin yakan yi yaudara: gaba uku ka ga ya taso, bazara na shigowa ya ƙafe. Da rani ake gane zurfin rijiya. Wasa shida na ci ba su isa a ce an kai idon ruwa ba, kamar yadda watanni uku na fari ba su isa a ce wurin dutse ne ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi kowanne haɗari, wato a ce, "Ai mun riga mun kashe kuɗi." Maigida da yawa sun ƙarar da kuɗin rufin ɗaki a rami, don kawai kunyar a ce sun yi asarar gaba takwas. Chelsea ta sayi Fernando Torres fam miliyan 50 a Janairun 2011. Cikin watan Afrilu, a wasan kusa da na kusa da ƙarshe na Zakarun Turai a Old Trafford, gidan United, kocin Chelsea Carlo Ancelotti ya fara da Torres, wanda har lokacin bai ci musu ko ɗaya ba, ya ajiye Didier Drogba a benci. Da aka dawo hutun rabin lokaci aka musanya su, Drogba ya ci, amma bakin alƙalami ya bushe, United ta wuce. Torres ya bar Chelsea da ƙwallo 20 a wasa 110 na Firimiya. Kuɗin da aka kashe jiya ba ya jiƙa ƙasar yau.

A ganina, ainihin inda gizo ke saƙa ba a cikin ramin yake ba. Ba mai hankalin da zai fara haƙar sabuwar rijiya, ya kuma sallami mai garuwa a ranar, ya ce wa iyalinsa daga yau a nan za a sha. Gidan da ke da ruwa a randa shi ke iya jiran rijiya. Thierry Henry ya buga wa Arsenal wasa takwas a 1999 bai ci ba, amma kocinsu Arsene Wenger na da Dennis Bergkamp, da Nwankwo Kanu, da Davor Suker, ba wanda ya kwana da ƙishi. Henry ya gama da ƙwallo 228, ba wanda ya kai shi a tarihin ƙungiyar. Liverpool ma ta iya jiran Nunez ne saboda Mohamed Salah na cika randa duk mako.

Hojlund fa, wa ya tarar? Cristiano Ronaldo ya tafi tun Nuwamban 2022. Anthony Martial ya fi zama a ɗakin jinya. Yaron da ya ci ƙwallo 9 a kaka guda ta Serie A, shi aka ɗora wa ƙungiya irin United a ka. Aka kori koci Erik ten Hag a Oktoban 2024, Ruben Amorim ya zo da nasa tsarin, ƙungiyar ta ƙare ta 15 da ƙwallo 44 a wasa 38. Inda kowa ke fama da fari haka, sai a tuhumi wanda ya zaɓi wurin haƙa kafin a tuhumi mai riƙe da diga. Dubi Scott McTominay: ya bar United a 2024, ya koma Napoli, ya ɗauki kofin Serie A, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar.

To, ya cancanci ƙarin dama? In ana nufin a ci gaba da jefa shi fili duk mako shi kaɗai tilo, a'a. Wannan damar ya samu har ta yi masa yawa, kuma ita ce ta karya masa gwiwa. Abin da bai taɓa samu ba shi ne babban ɗan wasan gaba da zai raɓa, ya shigo minti ashirin na ƙarshe, ya huta ranar da ƙafa ta yi nauyi, ya yi kuskure ba tare da an ce shi ya jawo rashin maki uku ba. Shi kansa ya faɗa a bainar jama'a cewa yana son ya zauna ya yi fafutukar neman gurbi. United ta ba Napoli aronsa a Satumban 2025, ya kuma ci a wasansa na farko da Fiorentina. Kada wannan ma ya ruɗi kowa, yana iya zama ruwan damina.

Wanda aka kawo ya gaje shi kuwa Benjamin Sesko ne daga RB Leipzig, shi ma ɗan shekara 22 a lokacin, shi ma bai taɓa buga Firimiya ba kafin zuwansa, shi ma da tsabar kuɗi masu nauyi a wuyansa. Duk ranar da aka ji gidan kallo ya ɗauki ihun "a cire shi" a kan wani matashin, kafin a shiga musun ko ya cancanci haƙuri, a fara ƙirga mutum nawa ne a ƙungiyar ke cin ƙwallo ban da shi.