Kodin, Tiramol da kwaɗon da ke cikin ƙwaƙwalwa

Mai karatu, fagena nazarin harshe ne, don haka ta ƙofar kalmomi zan shiga wannan batu. Idan matashi ya faɗa shan Kodin ko Tiramol, mukan ce "ya lalace" ko "ya zama ɗan ƙwaya". Dukkan kalmomin nan hukunci suke yanke wa hali. Ba mu da wadda take bayyana abin da ya auku a jikinsa, kuma ina ganin wannan giɓi ya jawo mana asara.

A shekarar 1973 Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka gano cewa akwai wasu makarɓai a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke kama sinadaran dangin ofiyom, tamkar kwaɗo da mabuɗinsa. To, me kwaɗo yake yi a jikin wanda bai taɓa shan komai ba? A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz a Aberdeen suka samo amsar: jiki yana ƙera nasa mabuɗin. Daga baya aka laƙaba wa irin waɗannan sinadarai suna endofin, wato mofin na cikin gida. Su ke rage raɗaɗin rauni, su kuma sanyaya zuciya.

Kodin mabuɗin aro ne. Hanta ce ke mayar da wani kasonsa mofin, ya je ya buɗe makarɓin da ake kira "miyu". Wannan makarɓi kuwa ba wuri guda yake ba. A laka yana dusashe saƙon ciwo, a sashen jin daɗi yana kawo annashuwa, a tushen ƙwaƙwalwa kuma yana rage numfashi, abin da ke kashe wanda ya sha fiye da kima. Idan shan ya yi tsawo, makarɓan sukan dakushe, kwalba ɗaya ta daina isa. Ranar da aka rasa kuwa, sai ciwon gaɓoɓi da gumi da zawo da rashin barci. A wannan mataki, ba daɗi yaron yake nema ba. Azaba yake gudu.

Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka gudanar ya nuna cewa a 2017 kimanin mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba a Nijeriya. A Mayun 2018, bayan rahoton BBC, gwamnati ta haramta maganin tari mai Kodin. Madalla. Amma a Satumbar 2019 'yan sanda sun kuɓutar da fiye da mutum 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu cikin mari, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su don gyaran hali.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, mari ba ya kawar da kwaɗayin, sai dai juriyar jiki ta ragu. Wanda ya fito bayan watanni ya koma wa tsohon adadinsa, numfashinsa na iya tsayawa a daren farko.