Tsatsa, abokiyar gabar tsohuwar mota

Jama'a, tsatsa tana kama ƙarfe idan ruwa da iska suka haɗu a kansa. Gishiri yana ƙara mata ƙarfi, kanwa kuwa tana ɗauke da gishiri. Saboda haka masu jigilar kanwa daga ƙasar Gure zuwa Damagaram su kula, kada ƙasan mota ya ɓurme da kaya a hanya.

Ga magani. A kankare wurin da burushin ƙarfe har farin ƙarfe ya bayyana. A shafa jan fenti mai hana tsatsa. Idan ya bushe, a bi da fentin mota. Inda ya huje, sai mai walda. Kada a rufe tsatsa da fenti, domin tana ci ta ƙarƙashi. Bayan sauke kanwa, a wanke mota, a bar ta ta bushe. Rigakafi ya fi magani.